Lemun Da Ya Raba Ni Da Waƙa

Ni ne yaron nan da duk 'yan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan suka sani da faɗin baki. Ina aji biyu a sakandare lokacin, kuma wasana ɗaya ne: in cusa lemu guda cur a baki, ba ɓarewa ba yankawa, in zaro idanu, fasinjojin jirgin Jos su yi ta dariya ta taga. Abokaina suna cewa in na ƙara himma har kabewa za ta shiga. Na yarda da su, wautata ke nan.

Wata Asabar mai sayar da lemu ta zaɓo wani ƙato, ta ce in na isa in gwada wannan. Na gwada. Sai na ji ƙas a gindin kunne, lemun ya faɗo, baki ya ƙi rufuwa. Yawu na zuba har ƙirji, mutane kuwa sai tafi suke, sun ɗauka sabon wasa ne. Haka na tako gida baki buɗe, ƙudajen garin kaf suna rakiya. Mamata ta fara yi mini faɗa da yarenmu, ta ƙarasa da Hausa, sannan ta ja ni asibiti. Likita ya naɗe manyan yatsunsa da ƙyalle, ya danna haƙoran baya ƙasa, muƙamuƙin ya koma wurinsa. Ya ɗaure ni da bandeji daga haɓa zuwa tsakar ka, ya ce mahaɗin ne ya goce. Sai kunu da gwate mai ruwa, ba rake, ba nama, ba wangale baki, in hamma ta zo in tokare haɓa da hannu, har sai ya sallame ni.

Matsalar ita ce Kirsimeti ta kusa, kuma ni ke jan baiti a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Duk shaƙiyancina, waƙa ce kaɗai abin da nake yi da gaske. Malamin waƙa ya ce in huta, akwai baɗi, wani yaro zai karɓa. Wani yaro! Na kwance bandejin, na ce wa malamin likita ya sallame ni. Ran Kirsimeti, gaban Fasto da zumuntar mata da baƙinmu na ƙauye, na buɗe baki zan ja Halleluya mai tsawo, sai ƙas. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Tun daga ranar abin ya ƙi zama. In na yi hamma muƙamuƙin ya goce, in na yi dariya ya goce. Mama ta gasa da ruwan zafi har ta gaji, kawuna ya kai ni wurin mai ɗori a Samaru Kataf, duk a banza. Likita ya ce jijiyoyin sun riga sun saki, sai dai aiki a babban asibiti mai nisa, shi ma ba tabbas. Babana ya ce ba mai sa wa ɗansa wuƙa a fuska.

'Yan'uwana masu buɗe kwalba da haƙori da masu irin wasana, masu yi muku tafi gida za su koma da bakinsu lafiya. In likita ya ɗaure ku, ku bar shi ya kwance da kansa. Ni yanzu yatsa biyu ne iyakar buɗewar bakina, lemu sai an matsa mini a kofi. Yaron nan shi ke jan baiti har yau, ni kuma ina bencin baya, ni ke raba littafin waƙoƙi.