Wutar Lantarki a Layin da Babu Wuta

Da safe Auta ya sha shayi a tsaye, ya yi wa uwarsa alkawarin gyara mata fanka, alkawarin da ya shekara yana yi. Da hantsi ya buɗe shagonsa na gyaran fanka da dutsen guga. Layin ya kwana biyu babu lantarki, sai ya zauna a bakin ƙofa yana naɗa waya da hannu, yana tsokanar maƙwabcinsa mai katifa.

"Kawu, katifarka ce kaɗai ake kwanciya a kai a tashi da gajiya."

"Kai kuma fankarka sai an yi mata fifita," in ji mai katifa.

Da azahar hayaƙi ya tashi daga bayan shagunan. Auta ya shiga taya mai katifa fitar da kaya. Ya fito sau biyu. Na uku, fito da shi aka yi.

Motar kashe gobara ta iso da jiniya mai ƙarfi, ta jiƙa toka sosai. Washegari aka karanta rahoton hukumar kashe gobara a rediyo: jami'ai sun kai ɗauki cikin gaggawa, kuma gobarar ta samo asali ne daga matsalar lantarki a shagon wani mai gyara.

Mahaifin Auta, tsohon malamin makaranta, ya jira aka gama karɓar gaisuwa, sannan ya tafi ofishin hukumar. Ya tarar da jami'in da ya rubuta rahoton yana goge takalmi.

"Ranka ya daɗe, babu lantarki a layin ranar. Ta ina ta kama?"

"Baba, Allah ya ba da haƙuri. Mu dalili uku muke rubutawa: lantarki, tukunyar gas, ko guntun sigari. Marigayin yana shan sigari?"

"Ba ya sha."

"Yana girki a shago?"

"A'a."

"To ka gani? Mun ma zaɓa masa mai mutunci."

"Ku rubuta ba ku sani ba."

Jami'in ya ajiye buroshi. "Baba, hukuma guda ta ce ba ta sani ba? Oga zai dawo mini da takardar."

Tsohon ya yi godiya ya fito. A hanya ya ji mai katifa yana faɗa wa mutane cewa dama yaron yana da ganganci da waya, ai har a rediyo an faɗa.

Tufafin Auta aka raba wa 'yan'uwa. Akwatin kayan aikinsa, wanda wuta ba ta taɓa ba, mahaifin ya kai wa masu gyara uku kyauta. Kowanne ya yi addu'a mai tsawo, ya ce yana da irinsu. Uwar ta goge akwatin da tsumma, ta tura shi ƙarƙashin gado.