Numfashin da Malam Hashimu Ya Yanke

Shekara ashirin da biyu Malam Hashimu yana yanke mini numfashi. Kada ku tsorata, aikinsa ke nan. Injiniyan sauti ne a sashen Hausa na gidan rediyon da muka yi aiki a nan Washington, ni kuwa, Furera, mai karanta labarai ce. In na gama ɗaukar rahoto sai ya ɗora abin ji a kunne, ya bi muryata daki-daki. Duk inda na ja iska, ko na haɗiyi yawu, ko takarda ta yi ƙara, sai ya cire. Da farko da reza yake yanka zaren kaset ya liƙe, daga baya aka kawo kwamfuta. Mai sauraro a Gumel ko a Tasawa sai ya ɗauka ni ba na numfashi sam.

Shi Badamagare ne, ni Bakanuwa, to kun san ba zaman lafiya. Yana ganina zai ce, "Bakanuwa, yau sau sittin da ɗaya kika yi haki, kamar wadda ta hau Dala da tulu a ka." Ni kuma in ce masa ya gode wa Allah da hakin nawa, in babu shi da tuni an sallame shi ya koma Zinder kiwon awaki. Haka muke kullum, amma wallahi ban taɓa ganin mai kunne irin nasa ba.

Yana da wata doka guda, kuma ni ce sanadinta. Wata rana wani sabon ma'aikaci ya ɗauki ɗanyen rahotona, wanda ba a tace ba, ya sa a iska. A ciki harshena ya sarƙe a sunan wani gari, na saki ashar irin ta ƙofar Wambai, duniya ta ji. Har daga Agadas aka rubuto wasiƙa. Tun daga ranar Malam Hashimu ya ce da zarar ya gama tace murya, ɗanyen ba zai kwana ba, zai goge shi. Ya yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani, har hannunsa ya daina tambayarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da shi shi ne kiɗan da yake so. Dattijo mai gemu, mai carbi a aljihu, amma in ka shiga motarsa ba abin da za ka ji sai jitar lantarki ta tsofaffin makaɗan nan na blues rock. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan ihun na mene ne? Kamar an take wutsiyar kyanwa." Ya rage gudu, ya ɗaga yatsa. "Saurara, madam. Nan bai kaɗa ba, tura tsirkiyar ya yi sama da yatsa har ta yi kuka. Kin ji ya riƙe ta? Bai sake ta ba sai da ta gaji. Mai gaggawa ba ya iya wannan. Goge ne, goge na garinmu, an dai sa masa wuta." Na yi tsaki, amma da na saurara sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, irin wanda nake ji in na doshi gidan makoki na jiyo muryar mata tun daga zaure.

Da ya yi ritaya sai ya zauna a gidansa na Fort Washington, shi da matarsa Hajiya Ɗija. Maƙwabcinsu wani tsohon Ba'amurke ne baƙar fata, Bartholomew, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyaran birkin bas, ga taba, har ƙirjinsa ya lalace. In yana numfashi za ka ji wani siririn fito a ƙarshe. Bai taɓa yin suna ba, bai taɓa fitar da faifai ba, amma kowace Lahadi da yamma yana buɗe garejinsa ya jona jita a amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya yi ta kaɗawa. Malam Hashimu ya fara da leƙe ta shinge, ya koma jawo kujera. Shekara shida suna haka, kuma ba su cika magana ba. In la'asar ta yi Bartholomew da kansa yake kashe amfilifaya ya jira abokinsa ya yi salla ya dawo.

Bartholomew ya rasu a ƙarshen hunturun bara. Bayan an yi jana'iza da kamar wata guda, matarsa Olive ta ƙwanƙwasa ƙofar su Malam Hashimu da wani tsohon kaset a hannu. Ta ce shi kaɗai ne abin da mijinta ya taɓa ɗauka na kiɗansa, a cikin akwatin kayan aiki ta tsince shi, tana so a juye mata a faifai. Danshin kogin Potomac da ke kusa da unguwar ya riga ya ci zaren. Malam ya duba ya ce sau ɗaya tak zai iya wucewa ta na'ura, kuma haka aka yi: yana gama juyewa cikin kwamfuta zaren ya zube gari-gari kamar ƙanzo.

Minti goma sha ɗaya ne na kiɗa. Makirfon yana dab da bakin mamacin, saboda haka komai ya shiga: jan iska kafin ya tura tsirkiya, gurnani in ya riƙe ta, fiton nan na ƙirji, tari sau biyu. Malam Hashimu ya ce a ransa zai karrama abokinsa, zai mai da shi kamar manyan makaɗan da ake ɗauka a situdiyo. Ya yi kwana uku yana tacewa. Ya cire numfashi ɗari da tara, bai taɓa sautin jita ko ɗaya ba. Da ya gama, hannunsa ya yi abin da ya saba.

Washegari da hantsi suka haɗu da Olive a wajen akwatin wasiƙu. Ya ce mata aiki ya kusa. Ta yi murmushi ta ce, "Hashim, kada ka wahalar da kanka a kan jitar. Shekara arba'in da ɗaya ina jin ta, ta ishe ni. Numfashinsa nake son ji. Fiton nan da ya hana ni barci, yanzu rashinsa ne yake hana ni." Malam ya ce mini bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi gida ba. Ya birkice kwamfutar ciki da waje, ya kai ta wajen masu gyara a garin Clinton. Suka ce shi ya san aikinsa fiye da kima, gogewar da ya yi ba mai dawowa ba ce.

Ni duk ban san wannan ba sai da Hajiya Ɗija ta kira ni wata Talata bayan azahar. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Furera, zo ki ga abokin faɗanki. Yau kwana tara ba ya fitowa daga ɗakin ƙasa sai salla. Kuma ni ina jin wani mutum a can tare da shi." Na ce, "Haba Hajiya, wane irin mutum kuma?" Ta ce in dai zo.

Na taso daga gidana a Landover ina ta shirya baƙar maganar da zan faɗa masa. Na iso da sauran rana, yara suna wasa a titi. Hajiya ta buɗe mini ƙofar ɗakin ƙasa ta ja da baya. Na taka matakala ta uku ke nan na ji shi. Babu kiɗa, babu komai, sai wani mutum yana jan iska a hankali, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya saki da siririn fito a ƙarshe. Na san fiton nan. Na sha jin sa in na zo gidan ranar Lahadi. Tsigar jikina ta tashi, na ce innalillahi a fili, na ƙarasa sauka.

Malam Hashimu ne shi kaɗai, zaune gaban makirfo, abin ji a kunne, ido a rufe. Jitar tana cikin kunnensa, shi ya sa ban ji ta ba. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura.

Ya gaya mini komai. Ya ce shi ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya san wurin kowanne, ya san tsawonsa, saboda haka zai mayar da su da nasa ƙirjin. Na ce, "Malam, ka haukace ne? Ƙarya za ka yi wa matar da ke takaba?" Ya ce, "To me zan kai mata, Bakanuwa? Saurari wannan." Ya kunna mini wanda ya tace, ta lasifika.

Ban taɓa jin abu mai tsabta da ban tsoro irin wannan ba. Jitar tana kuka, tana hawa, tana sauka, amma babu kowa a bayanta. Kamar ka shiga ɗaki ka tarar da keken ɗinki yana ɗinki shi kaɗai. Kafin minti biyu na ce ya kashe.

"Shekara shida ina zaune kusa da shi," in ji shi, "na ɗauka yatsunsa nake saurare. Sai yanzu na gane. Kafin ya tura tsirkiya sai ya cika ƙirji. Duk tsawon da za ta yi tana kuka, ba ya numfashi. In ƙirjinsa ya gaza, nan yake sake ta. Ashe ba shi yake yanke tsawon sautin ba, ciwonsa ne." Ya ce kwanakin farko da ya gwada abin bai zauna ba, don huhunsa lafiyayye ne, yana wuce wurin. Sai da ya koyi gazawa a inda mamacin yake gazawa. Yana wannan bayanin ina kallon bakinsa, domin a ƙarshen kowace magana fiton yana fita, shi kuwa bai ma sani ba.

Na yi masa faɗa, na yi masa nasiha, na kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba. Bai ji ba. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda in raka shi, kuma ya tafi da faifai biyu, na gaskiya da na jabu. Ni ma ina da laifi a ciki, na sani, don da ban yi ashar ɗin nan ba da babu dokar gogewa.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga falon Olive. Ta kawo mana shayi, ta zauna a kujerar da ke fuskantar taga. Malam ya sa faifan da ya yi wa dashe. Jan iska na farko yana fita ta dafe ƙirji ta rufe ido. Wallahi ni kaina da na san komai sai da na waiwaya wajen ƙofar gareji. Jitar ta hau, mutumin ya riƙe iska, tsirkiya ta yi kuka har ta gaji, ya sake ta da fito. Hawaye yana bin kuncin Olive tana murmushi, leɓɓanta suna motsi. Na ce a raina shi ke nan, Badamagare ya ci nasara, Allah ya yafe mana.

Kiɗan ya ƙare. Na'urar ta yi ƙas ta tsaya. Numfashin kuwa bai tsaya ba. Yana nan cikin falon, a hankali, a ja, a riƙe, a saki da fito.

Olive ta buɗe ido. Ta dubi lasifika, ta dubi na'urar da ta mutu, sannan ta juyo a hankali ta dubi Malam Hashimu. Ya yi ƙoƙarin rufe baki, fiton ya fita ta hanci.

"Hashim," ta ce, "wa ke cikin faifan nan?"

Ya faɗa mata, bai rage komai ba, kansa a ƙasa. Can ta ce ya sa mata ɗayan. Ya ce, "Madam, babu daɗin ji." Ta ce ya sa. Muka zauna minti goma sha ɗaya muna jin jita tana kuka ba kowa a bayanta, kuma wannan karon ko ɗigon hawaye Olive ba ta yi ba. Da ya ƙare ta tashi da kanta ta ciro faifan ta riƙe a ƙirji. Ta ce, "Wannan zan ajiye. Wannan bai yi mini ƙarya ba, ya daina numfashi."

Ta raka mu har bakin ƙofa. Ta ce, "Ba na fushi da kai, na san don shi ka yi. Amma don Allah kada ka ƙara matsowa kusa da ni sai ka samo naka numfashin. Ba zan iya binne shi sau biyu ba."

Wannan a farkon bazara ne. Yanzu ganyaye sun zube, sanyi ya dawo. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa sau biyu ya ce babu komai, huhunsa kamar na saurayi. Hajiya Ɗija ta sa an yi masa addu'o'i a masallaci. Ya daina sa kiɗa a mota, ni kuma na daina tsokanarsa, don in ya yi dariya abin ya fi fitowa. Jiya na je gaishe su, muna tsaye a ƙofar gida Olive ta fito ɗaukar wasiƙu. Malam Hashimu ya ɗaga mata hannu daga nesa, ita ma ta ɗaga. Ina kusa da shi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Bai ja iska ba har sai da ta shiga gida ta rufe ƙofa.