Fuskar da Yaya Ta Saita wa Baba

Yayata ta iya ɗaukar hoto. Wannan ba zan hana ta ba, duk da cewa yanzu ba ma ga maciji da juna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da ta iya, in kuma faɗi abin da ta jawo mana.

Tun muna yara ba ta yarda da abu yadda Allah Ya yi shi ba. Ƙuraje sun ɓata mata goshi tana 'yar shekara goma sha uku, 'yan ajinsu suka sa ta a gaba da tsokana, daga nan ta ƙulla gaba da duk wani tabo da ke duniya. Ta bar makaranta ta shiga shagon gyaran gashi, ta yi shekara shida tana share gashin mutane kafin ta buɗe nata: ɗaki ɗaya, kujeru uku, fitila mai zobe a kan sanda, da madubin da ya tsage ta kusurwa ta manna masa furen roba. Duk matar da ta gama yi wa kwalliya sai ta tsayar da ita ta ɗauka, har mutanen layin suka sa mata suna Gyara-Tsayuwa.

Ita ta koya mini in goge idon kyamara da gefen riga kafin in ɗauki komai. Ita ta ce rana ta kasance a bayana, ba a bayan wanda nake ɗauka ba, in kuma taɓa fuskarsa a allo don ta fito tangaran. In abu ya yi nisa kada in jawo shi da yatsa, in taka in matsa. In bidiyo ne, in kwantar da wayar, in manne gwiwar hannu a haƙarƙari don kada ta yi rawa. Duk wannan ilimi ne na gaske, kuma da a nan ta tsaya da har gobe ina yi mata addu'a.

Sai dai a cikin saitin kyamara akwai wani layi mai ɗan ƙwallo da ake ja daga sifili zuwa ɗari, na gyaran fuska. Yana goge tabo, ya shafe tamoji, ya washe fata. A wurin Yaya ƙwallon nan ɗari ne gidansa. Ta ƙara haske a kai, sannan ta sa bayan mutum ya dushe. Kuma ba a wayarta kaɗai ba. Wayar kowa ta gani a gidanmu sai ta fizge.

"Kawo nan, Auta," in ji ta. "Wayar nan taki ƙauyanci take yi."

Ta latsa nan, ta ja can, ta miƙo mini. Tsofaffin hotunan da ke ciki ma ta share su, wai sun cinye wuri kuma suna munana mutane. In na ce ban ji daɗin ganin kaina sumul ba, na yi ƙarya. Wannan laifina ne, kuma na san shi.

Babanmu mai walda ne, shekara arba'in yana sana'ar. Baƙi ne wuluk, idonsa ɗaya ya yi yana, kuma yana da tabon ƙuna a kunci, faɗin murfin kwalba, inda narkakken ƙarfe ya taɓa faɗa masa. Bayan rasuwar Mama mantuwa ta fara kama shi. Yaya takan zo ranar Lahadi, ta zaunar da shi kusa da taga, ta ɗaga masa haɓa ta ɗauka. Wata rana ta nuna masa, ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wannan?" ya tambaya.

"Kai ne mana, Baba."

"To. In kin gan shi ki gaishe shi."

Muka yi dariya, ba mu san ko raha yake yi ko ciwon ne ba.

Ranar wata Talata da safe ina wanki a bayan gida ya ɗauki hularsa ya fita, wai zai je buɗe shagon da ya rufe shekara tara da suka wuce. Azahar ta yi bai dawo ba. Na kira Yaya, ta rufe shago ta zo a guje, muka zauna neman hoton da za a watsa. Hotunansa sun fi ɗari biyu a wayoyinmu. A cikinsu duka wani farin mutum ne mai kamar shekara hamsin, kuncinsa sumul kamar bayan faranti.

"Yaya, wannan bai yi kama da shi ba," na ce.

"So kike in watsa tsohona a duniya kamar wanda aka tono?"

"So nake a gane shi."

"To kawo wani, in kina da shi."

Ba ni da shi. Na takarda guda ɗaya da ke bango na ƙuruciyarsa ne, tun kafin ƙunar. Muka buga wanda Yaya ta zaɓa a waya, muka manna a sandunan wuta, muka tura wa kowa. Muka raba gari, ni tashoshin mota da kasuwanni, ita asibitoci. Da yamma ta ce ta je babban asibiti, ta nuna wa mai rajista hoton, ya ce babu mai kama da shi.

A rana ta huɗu cajin wayata ya ƙare ina kusa da asibitin nan, takardun da na ɗauko kuma duk na manna. Ƙafata ce kawai ta kai ni ciki. Da yake ba ni da abin nunawa, sai na faɗa wa mai rajistar da baki: tsoho ne, baƙi, ido ɗaya da yana, da tabon ƙuna a kunci. Mutumin ya ajiye bironsa.

"Tun ranar Talata aka kawo shi," ya ce. "Babur ne ya buge shi. Wata ta zo da hoto ranar, amma na wani ne daban."

"Yana ina?"

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Jiya da la'asar ya cika. Mun yi ta tambayar sunansa bai iya faɗa ba, sai dai kiran Auta yake yi."

Kwana biyu Baba ya yi a raye a ɗakin da bai fi taku arba'in ba daga teburin da Yaya ta tsaya. Na ƙirga takun da ƙafata. A takardarsa sun rubuta cewa ba a san shi ba.

Mutane sun ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na yarda. Amma ba kwanansa nake tuhumarta da shi ba. Kwana biyun nan nake nufi, da babu wanda ya riƙe masa hannu. Na faɗa mata haka a gaban 'yan gaisuwa, ban sassauta ko kalma ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba. Wata bakwai muka yi ko sallama ba ta haɗa mu.

Makon jiya ina zaune ina tunaninsa, na rufe ido in kawo fuskarsa, sai mutumin cikin hoton ya riƙa zuwa. Na yi, na yi, na kasa tuna ko a wane kunci tabon yake. Na haɗiye fushina na kira ta, ban gaishe ta ba.

"Tabon Baba, hagu ne ko dama?"

"Dama," ta ce.

"Ni kamar hagu nake gani."

"Bari in duba," ta ce.

Ina jin ƙarar farcenta a kan allo, tana wuce hoto bayan hoto. Ban hana ta ba. Na bar ta sai da ta kai na ƙarshe.