Malam Kalilu Mai Duban Sama da Dutsen da Bai Taɓa Gani Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Kalilu a garin Argungu cikin shekarar 1944. Mahaifinsa shi ne Malam Abdussamadu, manomin shinkafa kuma masanin hisabin taurari, mahaifiyarsa kuwa Uwa, wadda ta shahara da gumi, wato turara shinkafa, a unguwarsu. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya kuma yi elementare a nan Argungu. A hannun mahaifinsa ya koyi taurarin bazara da na damina, kowanne da kwanakinsa goma sha uku, da alamomin da ake gane kusantowar ruwa. Babba daga cikinsu ita ce jan da yamma take yi bayan faɗuwar rana a ƙarshen bazara.

Aiki da Aure

A 1965 aka ɗauke shi malamin gona, aka damƙa masa ma'aunin ruwan sama. Sai ya haɗa ilimin gida da na ofis, kuma shekara goma sha bakwai a jere bai faɗi ranar shuka ta saɓa ba. Har ta kai manoman ƙauyukan fadamar Rima ba sa yin binne, wato rufe iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, sai sun ji ta bakinsa.

Ya auri Malama Rukayya a 1968. Ita ce take ba da labarin cewa sau biyu angon nata yana faɗawa rami a makon biki saboda kallon sama, kuma tun daga lokacin ta ɗauki alhakin duba masa ƙasa. Amininsa tun na makarantar allo shi ne Hodi, manomin gero mai barkwanci, wanda yake cewa ko Kalilu ya ce a yi shuka a kan tabarma, shi zai yi.

Shekarar Jan Sama

Tun daga tsakiyar 1982 yamma ta riƙa yin wani irin ja bayan magariba, ja mai daɗewa wanda dattawa suka ce ba su taɓa gani ba. Da bazarar 1983 ta zo jan yana nan, Malam Kalilu ya fassara shi da damina mai yalwa. Al'adar mutanen wurin ita ce a binne rabin iri, a bar rabi a rumbu saboda halin yau da gobe. A wannan shekara kaɗai ya ba da shawarar a binne duka, don kada a yi asarar ruwan farko.

Ruwan ya zo, amma yayyafi ne, iyakar wanda zai tsirar da iri. Daga nan sama ta ɗauke kwana ashirin da shida, tsiron ya ƙone a gona, rumbuna kuma babu ko tiya ɗaya ta maimai. Kogin Rima ma bai cika fadama ba. Damina ta 1984 ta fi ta baya muni, gidaje da dama suka watse. Matar Hodi ta rasu bayan gajeriyar jinya, shi kuma ya tafi cin rani kurmi, ya bar 'yarsa Sakinatu mai shekara uku a hannun Malama Rukayya. Bai yi wa amininsa sallama ba. A 1986 labarin rasuwarsa ya iso Argungu.

Babu wanda ya tsare Malam Kalilu da zargi, domin fari ya game ƙasa, amma shi ya yanke wa kansa hukunci. Ya ci gaba da auna ruwa yana kai wa ofis, sai dai ya daina faɗa wa kowa ranar shuka. Sakinatu kuwa ya riƙe ta riƙon da har 'ya'yan cikinsa suke tsokanarsa cewa su ne 'yan riƙo a gidan. Duk da haka bai iya haɗa ido da ita na dogon lokaci, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Komawa Birnin Kebbi

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka mayar da shi Birnin Kebbi, inda daga baya ya gina gida a Gwadangaji. A ƙarshen wannan shekara jan saman ya dawo. Manoman Argungu suka yi takakkiya har gidansa kafin bazarar da ta biyo baya ta ƙare, shi kuwa bai ce musu komai game da ruwa ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, “Ku aje rabi. Kowa yac ce ku binne duka, ko ni na, kada ku ji.” Ya yi ritaya a shekara ta 2000.

Binciken Sakinatu

Sakinatu ta karanci ilimin labarin ƙasa a jami'a a Sakkwato, kuma ta zaɓi farin 1983 da 1984 a matsayin bincikenta na kammalawa, ba don komai ba sai don tsohon da ya rene ta. A 2005 ta zo masa da abin da ta samo. Wani dutse a ƙasar Meziko ya yi aman wuta a farkon 1982, ya tura toka da hayaƙi can ƙololuwar sama, iska ta yaɗa su kewayen duniya. Su ne suka rina yamma ja, suka rage ƙarfin rana, kuma masana da dama suna ganin irin wannan aman yana cikin abubuwan da ke raunana damina a ƙasashenmu. Jan 1991 ma daga wani dutse ne a Filifin.

Malam Kalilu ya sa aka kawo taswira, ya auna tazarar da ɗani, ya yi tasbihi. Ya yi mamaki ƙwarai, har ya yi kwanaki yana ba baƙi labarin. Amma uzurin da aka kawo masa bai karɓa ba. Ya ce mata, “Ɗiyata, na gode. Dutcin nan ya yi nashi, amma bai ce ma Hodi shi binne iri duka ba. Ni nac ce.” Sakinatu ta koma da takardunta cikin baƙin ciki, maganar kuma ta kwanta shekara goma sha shida.

Jinya da Rasuwa

A farkon 2021 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ana saura kwana biyu ya cika, ya sa aka kira Sakinatu, ya nemi gafararta a gaban iyalinsa a kan mahaifinta da mahaifiyarta. Wannan karon ba ta kawo masa hujjar masana ba. Ta riƙe hannunsa ta ce, “Baba, kai kac ce a binne, gaskiya na. Kuma kai kac ciyad da ni sadda babu. Na yahe maka tun ban san abin da ad da akwai ba.” Ya dube ta, ya daɗe bai kawar da ido ba, sannan ya ce, “To, na karɓa.”

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 12 ga Maris 2021, yana da shekara saba'in da bakwai. An kai shi Argungu, aka yi masa salla bayan la'asar, aka rufe shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Malama Rukayya da jikoki goma sha tara. 'Ya'yansa su ne Sunusi, da Aminullahi, da Sumayya, da Abdussamadu, da kuma Sakinatu Hodi, wadda bai taɓa yarda a cire mata sunan mahaifinta ba, bai kuma taɓa yarda a lissafa 'ya'yansa babu ita ba. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da amininsa a gidan rahama.