Ranar da Na Ƙidaya Kawuna

Shekarun baya, zamanin soja, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa hangen aikin gwamnati, na shiga kwas ɗin shari'a da kula da fursunoni a wata ƙaramar kwaleji nan Sakkwato. Gandiroba nake son zama. Kada ku tambaye ni dalili, kakin ne kawai ya tafi da hankalina.

Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sa ni boko. Ana gab da mu gama, aka kama shi a kasuwa da laifin ɓoye sukari, aka ɗaure shi. Gida ya koma ba mai nema, kowa ya zuba wa aikin da zan samu ido. A kwaleji kuwa na ja bakina na yi gum.

Jarrabawar ƙarshe a gidan yarin da Kawu yake za a yi ta: kowane ɗalibi zai ƙidaya fursunoni suna tsugune a layi. Malaminmu, wani tsohon soja mutumin Filato, ya ja mana kunne: "Duk wanda ya rusuna wa fursuna ko ya nuna sanayya, ya tuɓe kaki ya kama hanyar gida."

Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "To kai mi za ka yi? Tsaye za ka wuce shi awa ba ka san shi ba?"

Ranar, da rana tsaka, aka nuna mini layina. Kawu yana ciki. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ran nan. Na fara ƙidaya, malam na biye da ni.

Wallahi ban yi niyya ba. Gwiwar da ta saba tun ƙuruciya ba ta shawarce ni ba. Ina isa gabansa, sai ga ni a tsugune.



"Kai! Me kake yi?" in ji malam.

Kawu bai ko dube ni ba, ya turo ƙafarsa gaba ya ce, "Ranka shi daɗe, ni nac ce mai shi duba min ƙahwag ga. Ciwo taka yi."

Magana a lokacin ƙidaya laifi ce. Kafin ya rufe baki, gandiroban da ke bakin aiki ya sauke masa kulki a kafaɗa. Na ji zan yi kukan kura. Sai Kawu ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji:

"Tashi, yaro. Ƙidaya ni ka wuce."

Na tashi. Na ƙidaya shi, na wuce.

Na ci jarrabawa, gida ya samu mai riƙe shi. Bayan an sallame shi, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa yarda mun yi zancen ba. Na yi aiki har ritaya, kuma duk layin da na ƙidaya nakan tuna kowane kai akwai wanda yake tsuguna masa a gida. Amma har yau, in na ji ƙarar sanda a kan wani abu, kafaɗata ce take amsawa.