Sunan Ɗan Fari

Da na ajiye aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na ɗauka zan zauna gida in huta. Ba a daɗe ba zaman ya gundure ni, ni kuma na gunduri maigida. Wata tsohuwar ɗalibata ce ta ja ni cikin wata ƙaramar ƙungiya a nan Damagaram, mai bin haƙƙin mutanen da ke tsare a gidan kaso ba a yi musu shari'a ba. Biron namu, wato ofis, ɗaki ɗaya ne, sai benci da tabarma a gindin dogon yaro.

Abin da ke riƙe da ƙungiyar ba wani mai yawa ba ne. Wani ɗan kasuwa yana aiko sabulu. Wani matashin aboka, wato lauya, yana ba mu yammacinsa kyauta. Ni gero nake bayarwa daga gonarmu ta wajen Gouna, kuma ni ke tsaya wa tukunyar Juma'a, wadda ake kai wa waɗanda ba su da mai kawo musu abinci. Maigida ya ce na bar ƴaƴan mutane na koma renon ɓarayi. Na ce masa ai wasunsu ni na koyar da su, aikina ne ban ƙarasa ba.

Wata ranar Alhamis bayan an gama girbi, wata mata ta zo daga wani ƙauye a bayan Droum. Za ta girme ni kaɗan. Ta zauna a bakin tabarma, ta gaishe mu har gaisuwar ta ƙare, ta sake ɗauko ta daga farko. Can ta ce, “Wani yaro ne na gidanmu aka kama.”

Tun farkon damina aka yi faɗa kan iyakar gona, aka fasa wa wani kai, jandarma suka tafi da yaron. Ƙaninsa ya zo ƙofar gidan kaso ya tambaya, ya koma ya sake zuwa, ana ce masa babu mai wannan suna. A ƙauye har an fara cewa ya rasu, wasu na ba da shawarar a yi masa sadaka a huta.

Aboka ya tambaye ta sunansa. Ta faɗi wanda duk garinsu ke kiransa da shi.

“Inna, wannan ai laƙabi ne,” in ji shi. “Da shi ƙaninsa ya yi ta tambaya?”

Ta ɗaga kai alamar e.

“To shi ya sa. Can ciki sunan da ke kan katinsa na shaida suka sani. Sunan yanka nake so.”

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Nan duk muka gane. Ɗanta ne na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa, shi ya sa tun yana jariri aka rufe shi da laƙabi har ƙannensa suka tashi ba su san na gaskiyan ba. Uban ya rasu. Aboka ya ce to ko sunan uban, sai ta ƙara nutsewa cikin mayafin. Washegari da safe zai ga alƙali kan wasu mutane, in ba suna ba zai iya sa zancen yaron a ciki ba, kuma ba mu san yaushe za a sake samun irin wannan dama ba.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce, “Haba Yaya! Ɗanki na can a kulle, ke kina nan kina kunya?”

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, “Malama, ba ƙi na yi ba. Tun da aka raɗa masa shi bai taɓa fita bakina ba. A hanya na gwada, ni kaɗai, ba kowa kusa. Ya ƙi fitowa.”

Na tuna tawa uwar, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira sunan babban yayanmu ba, kuma duk cikinmu ba wanda take tsaya wa a bakin zaure in ya yi tafiya sai shi.

Na tafi da ita gidana. Muka zauna tsakar gida muna tsintar waken tukunyar gobe, faifai a tsakaninmu. Na ce mata kada ta ce komai, ta ci gaba da aikinta kawai. Sai na fara kiran sunayen maza ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda nake kiran yara a aji. Na bi na annabawa, na bi na sahabbai. Hannunta na ta kai da kawowa cikin waken. Maigida ya leƙo ya ce ko mun buɗe lakwal ne a gidan, na kore shi. Da na kira wani suna, hannunta ya tsaya. Na sake kira. Ba ta dube ni ba, hannun dai yana nan a kife bisa waken. Haka muka yi da na uban ma, sai dai shi da na iso kansa ta rufe baki tana dariya, kamar jiya aka kai ta ɗakinsa.

Na aika wa aboka sunayen, da safe ya gano yaron. Yana nan da ransa, dosiyensa, wato takardun shari'arsa, na kwance don ba mai bi. Abin ya ɗauki lokaci fiye da yadda na so. Aboka ya yi ta zirga-zirga, wanda aka fasa wa kai ya riga ya warke, dattawan ƙauyen suka sasanta batun iyaka. Ita kuwa ta koma gida, ta dawo da gyaɗa cikin ƙwarya ta ce a sa a tukunya, don waɗanda har yanzu ba a gano inda suke ba. Na ce ko za ta bi ni ran Juma'a ta gan shi. Ta ce a'a, in dai na gan shi ya isa.

Ranar da aka yi masa sakin talala, tare muka je. Da hantsi ne, rana ta fara zafi, muka tsaya tsallaken hanya wajen wata mai tuyar ƙosai. Ƙaninsa na ta kai da komo a bakin ƙofa. Da aka ji ƙarar buɗe ƙofar ƙarfen, sai ta juya baya, ta fuskanci katanga, kamar wadda ta zo sayen ƙosai kawai. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe, riƙon da sai da ya yi mini zafi.

“Malama,” ta ce a hankali, “duba mini. Da ƙafarsa yake tafiya?”

Na duba mata. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, yana kare ido da hannu yana waige-waige cikin mutane.

Na ce, “Da ƙafarsa, Yaya. Ke yake nema.”