Mutumin da Gwaggo Dije ta tsare a kan matakala

Gwaggo Dije, yayar babana, daddawa take sayarwa a Anka, kuma duk wanda ya ce maka ta taɓa kunna ko rediyo da hannunta ƙarya yake yi. A Abare aka haife ta, can ta yi aure, can ta binne mijinta. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara ta tattara tukwanenta ta dawo kusa da mu, ita da ɗanta tilo Umar Faruk. Ɗan fari ne, don haka "wancan" take ce masa.

Wancan ɗin ya girma ya zama mahaƙin zinariya, ya kuma ɗora ransa a kan wata 'yar na'urar gem da ba ta fi tafin hannu ba. A cikinta wani ɗan mutum ne mai bulala yake hawan tsohon benen dutse, yana dukan jemagu da ƙwarangwal masu tafiya da ƙafafunsu, yana neman mai gidan, wani mai shan jinin mutane da ke can ƙololuwa. Gwaggo ta leƙa sau ɗaya ta ce ai mai gidan nan maye ne, sunan kuwa ya bi shi.

Wata safiya farkon damina, Umar Faruk ya kai matakalar ƙarshe, sai ga abokansa a kan babura suna ta hon, wai an samu sabon rami a dajin Bukkuyum. Ya danna abin tsayarwa, ya ɗora na'urar a kan faifan Gwaggo.

"Inna, kak ki bari cajinta shi ƙare. Saura kaɗan in kai ga mayen ga. In ta ɗauke, hwarko za ni komawa."

Na'urar 'yar araha ce, ba ta ajiye inda mutum ya tsaya. Shi da wasa ya faɗa, yana ɗaure takalmi. Gwaggo kuwa amana ta ɗauka.

Sai ka ga tsohuwa tana jan farantin sola a tsakar gida, daga gindin zogale zuwa bakin rijiya, kamar mai shanyar kuɓewa. In hadari ya rufe rana, ta yafa mayafi ta nufi shagon Uba mai cajin waya, na'urar a cikin kwanon sha, ta zauna a benci har ta cika. Ni haushi ya ishe ni, wallahi. Na ce, "Gwaggo, abin wasan yara ne fa." Ko kallona ba ta yi ba.

Da hantsi, in ta gama tsame kalwa, takan zauna ta zuba wa gilashin na'urar ido. Ɗan mutumin yana nan tsaye, ƙafa ɗaya a sama, ƙaton wata a gabansa. Ta ce mini wani lokaci takan ga rigarsa tana motsi. Ta ce in gajimare ya taru ta wajen Bukkuyum, benen take gani a ciki, da tagoginsa da kyandirori, har tana jin ƙanshin jiƙaƙƙen dutse. Tana yi masa hira: kuɗin kalwa ya tashi, akuya ta haihu, gero ya fara kai gwiwa. Tun ina dariya har na daina, domin ni ma na fara leƙa shi kafin in tafi ɗibar ruwa, in ga ko yana nan.

Gero ya fitar da kai lokacin da Nazir, abokin Umar Faruk, ya yi sallama. Tun daga yadda ya tsuguna a bakin zaure na san babu lafiya. Ruwa ne ya jiƙa ƙasa, ramin ya rufta da mutum uku, har da Umar Faruk. A can aka yi musu sutura.

Gwaggo ta karɓi gaisuwa kamar kowa. Amma ko a zaman makoki igiyar caji tana nan ta bi ta ƙarƙashin tabarmarta, kuma wannan ya fi kukan mutane taɓa mini zuciya.

Da aka watse, ta kira ni da la'asar.

"Mardiyya, wanne aka dannawa shi yi tahiya?"

Na nuna mata. Kiɗan wasan mai sanyi ya tashi, jemagu suka farka. Na zaci ƙarasa masa za ta yi, har na fara gaya mata yadda ake kaɗa bulala.

"A'a. Wanne na baya?"

Ta ɗora babban yatsanta mai warin daddawa, ɗan mutumin ya juya wa watan baya, ya shiga saukowa. Ya sauko har ƙasa, ya iske ƙofar da ya shigo ta rufe. Ya jingina da ita, ƙafafunsa suna ta tafiya a wuri ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, ba a fita ta nan. Gaba kawai ake yi."

Ba ta ɗaga yatsa ba. Ta matso da gilashin dab da bakinta, ta yi ƙasa da murya.

"Taho gida. Bar musu mayensu, taho gida."